Fankar Bafaranshe

Tun ranar da aka koma lakwal, wato makaranta, Mariyama da Zali ba su bar ni na huta ba. "Ramatu, wai da gaske kin ƙetare iyaka? Yaya Sakkwato take? Me kika ci? Me kika sayo?" Ku kuwa kun san halina, in idanu suka wuce huɗu a kaina sai in kasa ba da labari. Shi ya sa na ciro takardun tsakiyar kayena, littafin rubutuna, na rubuta muku. Wadda ta gama ta miƙa wa ta kusa da ita. Ban sayo komai ba, gara in faɗa tun yanzu. Ba yawo na je ba, injin ban ruwa na kakana ne ya lalace.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa gidanmu a Dogarawa ba: babana yana cirani a Aljeriya, shekara ta biyu ke nan. Kaka Mahamman, mahaifinsa, shi ke riƙe da gida, shi kuma garkar albasa ce ke riƙe da shi. Geron bana bai kai ko'ina ba, don haka albasar nan ita ce tuwonmu har damina. An yi dashe da sati uku, ganye ya fara miƙewa, sai ran Talata da hantsi injin ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ruwa ya tsaya.

Injin sunansa Bafaranshe. Kore ne, ƙato, sai maza biyu sun kama kafin ya hau amalanke. Lokacin da Kaka yana saurayi ya yi wa wani Bature ɗan Faransa aikin lambu a Malbaza, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa shi. Tun babana bai iya tafiya ba ake ban ruwa da shi. Da Kaka ya kwance shi ran nan, ya fito da wani ƙarfe mai kamar murfin kwano, da fikafikai shida a jiki. Fanka ake ce mata, ita ke tura ruwa sama. Fikafikai biyu sun karye sun niƙe.

Inna, mahaifiyata, ta durƙusa daga gefe ta ce, "Baba, ko a roƙi Ɗan Ladi ya ara muna nashi, ko na rabin wuni ne?"

Ɗan Ladi maƙwabcinmu ne a garka. Injinsa ɗan ƙarami ne, ja, na Shinuwa, wato ƙirar ƙasar Sin, mace ma tana ɗaukarsa ita kaɗai.

"Wanga abin wasan yara?" in ji Kaka. "Gobe in tahi Malbaza in sawo hwanka, kahin azahar na dawo."

"Kwana huɗu dashen ga zai iya jira, Baba, shi ma in ya yi haƙuri. Da guga ba mu iya wuce fangulan bakin rijiya."

"Na ji. Ni na koya ma mijinki dashe."

Dalilin da aka tafi da ni shi ne idon Kaka ya yi rauni, kuma a jikin injin akwai wani ɗan faranti mai rubutun Faransanci da dogayen lambobi. Na kwafe su a bayan hannuna da bik, sannan na sake kwafewa a takarda don kada gumi ya share. Kaka ya naɗe fankar a tsohon rawaninsa, ya dube ni ya ce, "To Madam, yau za mu ga amfanin sabulun da ake ɓatawa wajen wanke kayan lakwal." Haka yake kirana, Madam, wai matarsa ta wasan kaka da jika, tun ranar da na fara gaishe shi da Faransanci ina aji ɗaya.

Ran Laraba da sassafe muka isa Malbaza. Garejin Sale makanike yana ƙarƙashin dogon yaro a bakin kwalta. Mutum ne mai bik a bayan kunne, amma ban ga ya rubuta komai da shi ba, sosa kai kawai yake yi. Ya juya fankar sau biyu ya ce, "Baba, wagga ai ta girme ni."

"Ba shekarunta na tambaye ka ba. Akwai ko babu?"

"Babu. Da daga Yamai ake aiko da irinta, shagon ya rufe, mai shi ya kwashe ya koma garinsu. Walda kuma ba ta sake kama ta. Amma a Ƙonni ba a rasa mai kama da ita."

"Ba mai kama da ita nike so ba. Ta asali."

Sale ya yi dariya har ya zauna a kan taya. "Asali? Baba, fistin da na sa maka shekara uku da sunka wuce ɗan Indiya ne. Bel ɗin bara na Turkiyya. Bafaranshen ga naka, kaɗan ya rage a ce henti ne kawai."

Kaka ya daɗe yana kallonsa. "Ashe kai maci amana ne, ɗan Abdu."

"Ya yi aiki ko bai yi ba?"

Kaka ya naɗe kayansa, muka tsaya jiran motar Ƙonni.

A motar an sa ni a can baya, tsakanin taga da wata Hajiya mai fataucin albasa wadda zobenta ya nutse a yatsa har fata ta rufe gefensa. A gaban direba akwai ƙananan tutoci uku, tamu da ta Mali da ta Burkina. A gilashin baya, daidai ƙeyata, an manna tutar Rasha a kan wata tsohuwar takarda da ba a ɓanɓare ba, kusurwarta tana leƙowa. Na so in ja in ga ta wace ƙasa ce, na ji kunya.

Ba mu yi nisa ba gardama ta tashi. Wani saurayi da ke gaba ya ce yanzu mun fita daga hannun kowa, duniya ta buɗe, in wannan ya juya baya ga wancan yana miƙo hannu. Wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, mai rediyo a cinya ya ce, "Yaro, shekara talatin na yi ina koyar da taswirar duniya. Da in na ce manyan ƙasashe, yara sun san biyu ne ko uku. Yanzu jikana guda na karatu a Maroko, guda na neman Indiya, ƙaramin wai Rasha. Ba wanda ya tambaye ni hanyar Faransa, ni da na san sunan kogunanta duka."

"Ai ci gaba ke nan, Mushe."

"Ban ce ba shi ba ne, ban ce shi ne ba. Mai ubangida guda ya san wa zai zaga in an cuce shi. Mai ciniki da mutum goma, sai ya iya ciniki."

Hajiya ta yi tsaki. "Ku yi ta yi. Ni abin da na sani, da buhuna kwana kaɗan yake yi ya kai bakin teku. Tun da anka rufe waccan hanya sai ya zagaya ƙasa biyu, ya isa rabi ya ruɓe. Duk wanda ya buɗe min hanya shi ne babba, ko ɗan wa ne." Sai ta leƙa cinyar Kaka. "Kai kuma tsoho, mi ka ƙunshe kamar jinjiri?"

Da ya gaya mata, ta tafa hannu. "Dashen sati uku ka bari ba ruwa kana yawo da ƙarhe? Wallahi da mijina ne kai, da ba ka kwana gida ba."

"Shi ya sa Allah bai ba ni ke ba," in ji Kaka. Mota duka ta yi dariya, har shi. Amma na ga babban yatsansa yana ta shafa gefen rawanin har muka wuce jandarmomin Tsarnawa.

Rabona da Ƙonni tun ina ƙarama. Abin da na fara lura da shi faifan sola ne, an jingine su a ƙofar shaguna kamar ƙyauren sayarwa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce tun lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya kowa ya koyi darasi. Ya kai mu shagon wani Alhaji mai kayan inji. Kwalaye har rufi. Na ɗaga kai in karanta, don abin da aka kawo ni yi ke nan, sai na ga rabinsu rubutun Shinuwa ne mai kamar ƙananan tagogi, wasu kuma rubutu ne da aka rataye a jikin layi kamar shanyar tufafi, wai na Indiya. Na fito da takardata na karanta lambobin da Faransanci.

Alhajin ya saurara har na gama, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yan mata, kin iya. Amma Baba, ko can Faransa ka je yau, na Shinuwa za su miƙo maka." Ya ɗauko fanka uku. Ɗaya fikafikanta biyar, ɗaya raminta ya yi faɗi, ɗaya ta yi ƙanƙanta. Sai ya nuna wani sabon inji ja, ƙanen na Ɗan Ladi. "Ka ɗauki wanga, yau da la'asar garkarka ta sha."

"In shekara ta zagayo kuma in dawo in ɗauki wani?"

"In ya lalace, kayansa na nan a kowane lungu. Naka fa?"

Kaka ya tambaye shi inda ake samun tsofaffin kaya. Ya ce sai dai Sakkwato, can ba abin da ake zubarwa.

A waje na ce a hankali, "Kaka, mu koma gida mana."

"Madam ta gaji? Ai laihina ne da na ɗauko mata mai tsada." Ya saya mini shinkafa da wake da yaji a wajen wata mata, shi ya sha fura a tsaye. Ya kira Inna ya ce gobe muna nan tafe. Ya sayi dogon burodi guda biyu don tsaraba, ya soke su a hammata, muka nufi iyaka.

Na ɗauka iyaka katanga ce. Ashe sanda ce a gicciye da igiya, sai buro nan, buro can, wato ofisoshi, da mutane masu yawan gaske. Masu canji suna zaune a kan benci da damman naira a gabansu kamar masu sayar da ganye. A ɓangarenmu aka duba katin Kaka da katina na lakwal. A ɗaya ɓangaren wani ma'aikaci ya sa aka kwance rawanin, ya ɗaga fankar yana dubawa ta ramin tsakiya, sannan ya juyo ya yi mini tambaya da Ingilishi. Ni kuma don tsoro na amsa da Faransanci. Muka tsaya muna kallon juna. Sai ya ce, "Ke, 'yar wane gari ce?" Na ce Dogarawa. Ya ce, "To ki ce haka mana! Kakata 'yar Galmi ce." Ya mayar wa Kaka fankarsa, ya ce Allah ya sa a dace.

Garin farko bayan iyaka shi ma Illela ake ce masa, kamar namu na hanyar Tawa. Gero iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya, jakuna ma ba su san sun canja ƙasa ba. Allunan bakin hanya ne kawai suka juye, da yawan shingaye. Kafin Gwadabawa layin wayar Kaka ya ɗauke, bai sake dawowa ba.

Mun sauka gidan Gwaggo Habsu, ɗiyar ƙanen Kaka da ke aure a Sakkwato. Mijinta tela ne, mai fara'a. Yana ganinmu ya ce, "Maraba da mutanen Faransi! Yaya Faransi?" Haka suke kiran ƙasarmu.

"Ai sun tahi," in ji Kaka.

"Mu ma Ingila ta daɗe da tafiya, Baba, amma har gobe ku Ingilishi kuke ce mana."

'Yan matan gidan biyu ne, sa'o'ina. Sun yi ta dariyar burodinmu, wai sanda ce ko abinci. Nasu mai kusurwa huɗu ne, laushi kamar katifa, da zaƙi, in ka matsa shi a hannu sai ya zama ɗan dunƙule. Shayinsu kuma mai shayi yana ɗaga kofi sama yana zubowa cikin wani, ba ya zubar da ko ɗigo. In na ce kaye ko bik sai su ce in sake faɗa. Na so in sa wayar Kaka caji, sai na ga ramin bangonsu uku ne masu kusurwa, namu kuwa biyu ne zagayayyu. Ƙaramar ta tura tsinken ashana a ramin sama, cajar ta shiga. Muna murna aka ɗauke wuta.

Da safe muna karyawa da masa, Gwaggo Habsu ta sa aka nuna mata fankar. Ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa da cokali. "Baba, wannan ai ƙarfen tukunya ne. Akwai masu zubi a bayan kasuwa, su suka yi mini murfin babbar tukunyata da ya fashe."

"Habsu, na ce miki miya zan dahwa?"

Gwaggo ta ƙara masa masa.

Ranar Alhamis duka a kasuwar tsofaffin ƙarafa muka yi ta. Ƙasa baƙa ce da mai, takalmina har yau bai koma daidai ba. Kowa ka nuna masa sai ya ce gaba kaɗan. Wani ya zazzage buhu guda na fankoki a gabanmu, na durƙusa ina gwada su ɗaya ɗaya a kan tamu, ba wadda ta hau. Daga ƙarshe aka kai mu wajen wani ɗan Ibo da aka ce ko allurar jirgi ce yana da ita. Hausarsa ta fi tawa gudu. Shi kaɗai ne ya karɓi takardata da muhimmanci. Ya buga lambobin a wayarsa, sai ga hoton Bafaranshe, sabo fil, kamar ranar da aka yi shi. Kaka ya matso da wayar kusa da idonsa, ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

"Shi ne, Baba, amma hoton gidan tarihi ne. Wanda ya ƙera shi, jikansa ma ya yi ritaya." Ya ɗauki hoton fankar ya aika wa wani abokin cinikinsa a Chaina, haka su suke ce wa Shinuwa. Kafin mu gama shan ruwan leda amsa ta zo. Wai za su iya yi, in ana son guda ɗari, kuma wata biyu kafin ta iso.

"Guda nike so," in ji Kaka.

"Na sani, Baba. Yi haƙuri."

Da la'asar muka koma gida, Gwaggo ta ba da wayarta aka kira Inna. Ina jin muryarta daga inda nake zaune. Ta ce ita da ƙannena suna jan guga tun asuba, fangulan bakin rijiya suna nan da ransu, na tsakiya sun fara sunkuyawa, na can ƙarshe kuwa sun kwanta. Ba ta tambayi yaushe za mu dawo ba. Kaka ya miƙa wa Gwaggo wayar ba tare da sallama ba. Ya zauna yana kallon ƙafafunsa. Can ya ce, "Habsu, masu tukunyar nan naki, da nisa?"

Gwaggo ta riga ta ɗauko mayafinta.

Rumfa ce ta kwano, da tulin tukwane masu ƙyalli a gaba, da tulin tarkace a baya. Mai wurin wani siriri ne, hannayensa duk tabon ƙuna. Kaka na fara magana ya ɗago kai. "Ku mutanen gida ne. Daga ina?" Ashe ɗan Tajaye ne, sunansa Gado, cirani ya zo shekarun baya ya koyi zubi ya zauna. Sai da ya tambayi damina, da farashin gero, da ko an gyara hanyar Illela, sannan ya karɓi fankar.

"Ana yi," ya ce. "Ai masu zubi na nan Ƙonni, Baba. Har Malbaza akwai guda bayan tasha."

Gwaggo ta rufe baki da mayafi. Kaka ya yi kamar bai ji ba.

Wannan shi ne abin da na fi son in ba ku labari, don ban taɓa ganin irinsa ba. Gado ya ɗauko sabulun wanki, ya yanka da wuƙa, ya sassaƙa fikafikai biyu yana gwadawa da na jikin fankar, ya manna su a gurbin waɗanda suka karye. Sai ga ta cikakkiya, huɗu na ƙarfe, biyu na sabulu. Ya kawo akwatin katako mai hawa biyu, ya cika na ƙasa da yashi mai laushi da danshi, ya danna fankar a ciki, ya barbaɗa toka, ya ɗora na sama ya cika ya daddaka da tabarya. Da ya raba su ya cire fankar a hankali, sai ga siffarta a cikin yashi, har ɗan tabon da walda ta bari. Ya ce haske ya tafi, zubi sai da safe.

Ran Juma'a tun kafin rana ta yi zafi muna can. Wutar gawayi ce, ana hura ta da ƙafar keke da ake juyawa da hannu. Gado ya ce gwangwanin lemo na tukunya ne, fanka sai tsofaffin fistin, sun fi tauri. Ya shiga tsinto su a tulin baya yana jefawa cikin kasko.

"Na wace ƙasa ne?" in ji Kaka.

"Wanga na babur ɗin Indiya ne. Wanga Japan. Wanga ban sani ba. Wancan ƙila ma na motar mutanenka ne, Baba." Ya kwashe dattin da ya taso sama da dogon cokali. "In sunka narke ba mai sanin wa ya haihi wa."

Ta farko ba ta yi ba. Da ya fasa yashin, fiffike ɗaya ya fito da rami kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Gado ya ce yashin ya yi danshi da yawa, ya mayar da ita cikin kasko ba tare da ya ɓata rai ba, ya sake gini daga farko. Ina ganin Kaka yana duban inuwar rumfar tana janyewa. Ta biyu ta fito lafiya. Aka goge ta da magagari, aka kai wa wani mai injin yankan ƙarfe a layin gaba ya daidaita ramin tsakiya. Da Kaka ya karɓe ta tana da sauran ɗumi. Gado ya ba mu saƙon atamfa mu kai wa mahaifiyarsa ta hannun direbobin Tajaye, ya ce kada mu jefar da tsohuwar, ita ce uwa in an sake bukata.

Bayan an sauko Juma'a muka kamo hanya. Gwaggo ta cusa mini burodinsu guda biyu a jaka. Ban tuna komai na komowa ba sai cewa Kaka bai yi wa kowa gardama ba, kuma a Ƙonni bai yarda mun tsaya cin abinci ba. Ana kiran magariba muka sauka Dogarawa.

Asabar da asuba muka tafi garka. Tafin hannun Inna duk ya fashe, ta ɗaure da tsumma. Na lura fangulan tsakiya ƙasarsu da danshi, fiye da abin da guga zai iya. A bakin rijiya kuma akwai sawun ƙananan ƙafafun inji guda huɗu, irin na injin Ɗan Ladi, da ɗigon fetur a ƙasa, Bafaranshe kuwa gazuwal yake sha, wato dizal. Kaka ya tsaya a kan wurin. Ya gani, na san ya gani. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin hannunta.

Ya ɗaura fankar da kansa. Sai a ja na huɗu injin ya kama, ya yi tari, tiyo ya kumbura, ruwa ya fito. Bai kai ƙarfin da ba, amma ya fito. Maƙwabta suka taru. Ɗan Ladi ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Baba, an samo ta asalin? Daga Faransa?"

"Daga Tajaye," in ji Kaka. Ya ɗauki fartanya ya buɗe wa ruwa hanya, ba zuwa na kusa ba, zuwa na can ƙarshe da suka kwanta.

Inna ta ce, "Baba, waɗancan sun tahi."

"A ba su dai."

Fangali goma sha ɗaya ne a ƙarshen. Bayan kwana uku, guda huɗu suka ɗago. Bakwai ba su tashi ba. Kaka ya tuge su da hannunsa, bai bari kowa ya taya shi ba, ya tara busasshen dashen a gindin shinge. Inna ta ce abin da ya rage zai kai mu, in an yi tsimi, in kuma kasuwa ba ta faɗi ba.

Ranar da zan koma lakwal na kai masa fura a garka. Bafaranshe yana ta bugawa. Ya sha, ya goge gemu, ya duba hagu da dama, sannan ya ce, "Madam, in kin bi ta wajen Ɗan Ladi, ki dubo min sunan da ke jikin wancan jan abin, ki zano shi yadda yake. In an sai da albasa, a sawo guda a aje a ɗaki. Ba don komi ba, don hannun uwarki."

Na ce to.

"Kuma in na ji maganar ga a bakin wani, na sake ki."

Na zano masa, tagogi uku da wani mai kamar tsani. Yana cikin aljihun rigarsa. Don Allah in kun zo gidanmu, ku gaishe shi kawai ku wuce.